Littafin Baban Ladi Mai Kaza da Kifi

Shekara ashirin da biyar ke nan, a wannan watan, da muka binne maigidana a bayan garin Kafanchan. Sunansa Bulus. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, Baban Ladi nake cewa, amma yau na kira shi, domin a kan sunan ne zan yi magana. Ni Saratu ce. Ban yi makaranta ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. 'Yata Ladi, wadda ita ma ta yi ritaya daga aikin koyarwa, ita ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Na gaya mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kuma kada ta rage inda laifina yake.

Duk wanda ya san majami'armu ya san inda nake zama ranar Lahadi: bencin baya, dab da ƙofa. Yaran yanzu suna tsammanin ciwon gwiwa ne ya kai ni can. Ba shi ba ne. A zamaninmu wanda dattawan ikilisiya suka sa a ƙarƙashin horo shi ke zama a bencin nan. Ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da Almasihu, ba ya jagorar addu'a, kowa ya shigo sai ya gan shi. Baban Ladi ya yi shekara ɗaya da wata huɗu a kan bencin, a kan zargin ya ci kuɗin mata. Daga nan aka ɗauke shi zuwa kabari. Lahadin da ta biyo bayan jana'izarsa na je na zauna a gurbinsa, ban sake tashi ba.

Ma'aikacin reluwe ne, mai ba jirgi hannu. Yana da fitila mai gilashi ja da kore wadda yake gogewa kowace safiya kamar farantin baƙo. Mutum ne da ya yarda da doka fiye da yadda ya yarda da idonsa. Yakan ce jirgi ba ya kashe mutum sai wani ya tsallake abin da aka rubuta. Ina yi masa dariya, ina cewa ni da ban iya karatu ba ai ban taɓa faɗa wa jirgi ba.

A shekarar 1987 rikici ya tashi a garin nan, wuta ta ci abubuwa da yawa. Ba zan shiga maganar wa ya fara ba, ba ita ta kawo ni ba. Abin da zan faɗa shi ne, daga shekarar nan kowace mace in ta dubi inda take ɓoye kuɗinta, wuta take gani. Muna da maɓoya iri-iri: gwangwanin madara a cikin jinkar ɗaki, tsumma a ƙasan rumbu, cikin matashin kai. Kuɗin citta ne yawanci. Mu ke tsaga ta, mu ke shanya ta a kan duwatsu har hannu ya yi zafi, mu sayi buhu ɗaya biyu lokacin da take araha mu ajiye sai ta yi tsada. Kuma ba a nuna wa maigida. Ba wai duka mazanmu mugaye ba ne. Amma kuɗin da namiji ya gani ya zama na gida: wani ya kai shi gidan burkutu, wani ya kai shi bikin mutuwar kawunsa, wani kuma mai hankali ne, sai dai daga ranar ya daina biyan kuɗin makaranta tun da ke ma kina da shi. Mace mai son ɗanta ya gama sakandare dole ta iya yin shiru.

Muna da adashe, mu goma sha bakwai, ni ce uwar adashen. Yawancinmu 'yan zumuntar mata ne na majami'a ɗaya. Akwai kuma Mama Ngozi, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, wadda aka haifa a kwatas ɗin reluwe, ta girma tare da mu. Hausarta kowa "kai" ne, mace da namiji.

Bayan rikicin da shekara biyu ko uku sai sababbin bankuna suka yi ta fitowa. Ɗaya ya buɗe reshe a garinmu, da ƙofar gilashi da fanka a sama, yana ba da kyautar laima da agogon bango, yana alkawarin ruwa mai yawa a kan ajiya. A lokacin ne Baban Ladi ya ji a rediyo cewa gwamnati ta yi doka: an kafa hukumar da za ta tsaya wa masu ajiya, in banki ya faɗi a biya su. Ya shigo gida yana murna kamar an ƙara masa girma. Ya ce, "Maman Ladi, yanzu banki ma an sa masa mai ba da hannu. Ba zai tashi yadda ya ga dama ba. Ku fitar da kuɗin nan daga jinka."

Na kai wa mata maganar, suka ji daɗi, har muka ji abin da ake nema. Hoton fasfo, mutum biyu masu tsaya maka, da sa hannu ko dangwala yatsa. Shagon mai hoto yana bakin kasuwa, inda kowa ke ganin mai shiga. Masinjan bankin surukin ɗaya daga cikinmu ne. Mace ta shiga ƙofar gilashin nan da safe, kafin la'asar mijinta ya ji. Sai wata ta ce, me zai hana Baban Ladi ya buɗe da sunansa, mu riƙa kawo masa?

Ya ƙi. Ina so a rubuta wannan da kyau: ya ƙi. Ya ce kowace ta buɗe nata, haka aka tsara. Ni ce na yi kwana uku ina bin sa da magana. Na ce shi namiji ne, bai san abin da ake ciki ba. Na ce in ya ƙi, kuɗin zai koma jinka, in wuta ta sake zuwa alhakin yana wuyansa. Da ya gaji ya yarda, ni ce kuma na ɗauko Littafi Mai Tsarki na ajiye a gabansa, a gaban matan, na ce ya ɗora hannu ya yi alkawari ba zai taɓa faɗa wa kowa sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ko nawa ta ajiye. Ya dube ni, ya ɗora.

Daga nan littafin ya samo asali. Ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai shuɗin bango. Ya ce tun da ya yi alkawari, ba zai rubuta suna ba, kada littafin ya faɗa hannun wani. Kuma tun da yawancinmu ba mu iya karatu ba, yana so kowace ta iya duba shafinta da kanta, kada ta dogara da bakinsa. Saboda haka kowace mace ta zaɓi alama, ya zana mata a saman shafi. Akwai Kaza, akwai Ƙwarya, akwai Tsintsiya, Turmi, Ganye, Tulu. Ni Ludayi ce. In kin kawo naira ɗari ya ja sanda ɗaya, in ta kai dubu ya yi da'ira, in kin karɓa ya soke a gabanki. Shi ne littafi ɗaya a duniya da na iya karantawa daga farko har ƙarshe.

Bai iya zane ba, Allah ya jiƙansa. Ranar da ya zana wa Mama Ngozi nata ta ɗaga littafin ta juya shi sama da ƙasa.

"Oga Bulus, wannan kifi ne ko silifa?"

"Kifi ne. Ba ki ga ido ba?"

"To silifa mai ido ne. Kai, ka tsaya a aikin jirgi, in ka bar shi yunwa zai kashe Maman Ladi."

Matan suka yi ta dariya har Kaza ta share hawaye da gefen zane, ita da aka zana wa abu mai kama da akuya mai ƙafa biyu. Ina jin dariyar nan har yanzu. Wani lokacin da rana tsaka, ina zaune ni kaɗai a falon nan, sai in ji ta, in waiga.

Da ya yi ritaya aka biya shi garatuti, wato kuɗin sallama, ya cire kaɗan ya sa wa gidanmu sabon kwano, sauran ya zuba a asusun nan ɗaya. Ya ce ba zai ajiye kuɗin mutane a inda ba zai ajiye nasa ba. Ya buɗe wa kansa shafi na goma sha takwas, ya zana fitila. Ita kaɗai ce ta yi kama da abin da aka zana.

Mun yi shekaru masu kyau. Yara sun shiga makaranta da kuɗin nan, mazan suna cewa Allah ya yi wa matansu dabara. Wata ta sayi injin niƙa ta ce wanta ne ya aiko daga Jos. Kowace Alhamis bayan taron zumunta mata su biyo ta gidanmu kamar sun zo gaishe ni, shi kuma ranar Juma'a ya sa rigarsa mai aljihu biyu ya ɗauki laimar banki ya tafi.

Sai aka fara cewa ya dawo gobe. Aka ce kuɗi yana hanya daga Legas. Aka ce ba a ba mutum fiye da wani ɗan adadi a mako. Aka daina kunna fanka. Wata Juma'a ya dawo da wuri, ya jingina laimar a bango, ya zauna bai cire takalmi ba. Ya ce an sa kwaɗo a ƙofar. A cikin asusun akwai fiye da naira dubu ɗari uku, gumin mata goma sha bakwai da aikin shekara talatin na mutum ɗaya.

Duk da haka bai karaya ba. Ya ce wa matan akwai doka, a yi haƙuri. Shekaru suka wuce muna haƙuri. Bai fasa zuwa ranar Juma'a ba, ya tsaya a gaban ƙofar, ya karanta takardar da aka manna wadda rana ta riga ta cinye, ya dawo. Ya ji a rediyo an kama manyan wasu bankuna an kai su gaban shari'a, ya ce kin gani, doka tana tafiya, a hankali take yi kamar jirgin kaya. Ran nan kuwa aka yi sanarwa: an rufe bankunan da suka faɗi gaba ɗaya, masu ajiya su zo a biya su. Gari ya ɗauka. Mata suka zo gidanmu suna waƙar godiya.

Na bi shi Kaduna. Muka shiga mota tun da sassafe, ta Kachia, ta Kujama, littafin yana cikin leda a ƙirjinsa. Muka yi layi har bayan azahar. Wadda ta karɓe mu wata mata ce mai tabarau, mai ladabi, ta gaishe mu da Hausa. Ta duba takardunsa, ta ce za a ba shi naira dubu hamsin. Ya ce ba ta duba da kyau ba. Ta ce ta duba. Abin da doka ta tsaya wa mai ajiya ɗaya ke nan, komai yawan kuɗinsa. Sauran sai an sayar da kayan bankin, an karɓo basussukansa, in an samu wani abu a raba.

Ya ce, "Ai ba mutum ɗaya ba ne, 'yata. Mu goma sha takwas ne." Ya buɗe ledar ya miƙa mata.

Ta buɗe shafi na farko, ta buɗe na biyu. Ba ta yi dariya ba, ina yi mata addu'a saboda wannan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, na yarda da kai. Amma kaza ba ta buɗe asusu. A takardar banki suna ɗaya ne, naka. Da kowace ta buɗe nata, da yau dukansu sun karɓi kuɗinsu cif, domin babu wadda nata ya wuce abin da doka ta tsaya wa."

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Abin da ya faɗa tun farko ke nan, abin da na yi kwana uku ina rushewa. Bai dube ni ba. Har ya mutu bai taɓa ce mini "na gaya miki" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Matar ta ce ba ta yi alkawari ba, amma in matan za su zo da kansu, da hotuna, da takardar rantsuwa ta kotu cewa kuɗin nasu ne, za ta tura maganar sama a duba. Ban san ko da an yi hakan zai yi aiki ba. Ba mu gwada ba.

Ranar Alhamis ya tara su a falon nan ya faɗa musu komai. Takardar kotu tana nufin suna, tana nufin adadi, tana nufin kowane miji zai ji cewa shekara da shekaru matarsa tana kallon idonsa tana cewa ba ta da ko kwabo. Tsintsiya ta ce mijinta zai kore ta. Kaza ta ce gara kuɗin ya tafi. Mama Ngozi kaɗai ta miƙe ta ce ita za ta je, mijinta ya yi abin da zai yi. Suka riƙe mata zane suna kuka, suna cewa in ɗaya ta fito an gano sauran. Ta zauna.

Sai ya shimfiɗa tabarma, ya zube dubu hamsin ɗin, ya bi littafin shafi-shafi, ya ba kowace gwargwadon abin da ta ajiye. Abin da ya zo hannun kowace bai kai kuɗin buhun citta biyu ba a lokacin, domin naira ma ta riga ta lalace. Ya zo kan Ludayi ya ƙirga ya miƙo mini, na karɓa. Ya zo kan Fitila ya rufe littafin. Na gani. Ni kaɗai na gani, na ɗaure nawa a bakin zane.

Magana ba ta ɓoyuwa a gari irin namu. Aka fara cewa wasu mata sun ba Bulus ajiya. Rediyo kuwa ta ce an biya masu ajiya, ba ta ce nawa ba, kowa ya ɗauka an biya duka. Aka ce ya karɓo dubbai ya ba mata ɗan abin da ya ga dama. Aka nuna kwanon gidanmu, wanda aka sa tun bankin yana da rai. Har cikin matan wasu suka fara kallonsa da wani ido, domin wadda ta yi asara tana son fuskar da za ta ɗora wa laifi, kwaɗo kuma ba shi da fuska.

Dattawan ikilisiya suka kira shi. Da safen ranar yana ɗaura igiyar takalmi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Maman Ladi, za su ce in kawo sunaye. In kawo?"

Ni ce na sa shi rantsuwar, ni ce zan iya kwance shi. Na tuna Tsintsiya, na tuna yadda za a ce uwar adashe ta tona asirin mata, na tuna kaina. Na ce, "Ka ɗora hannu a kan Littafi." Ya ce, "To."

Na zauna a gindin mangwaro kusa da tagar ɗakin da suke, ina jin komai. Su bakwai ne, uku daga cikinsu matansu suna cikin littafin, ba su sani ba. Ya nuna musu takardar dubu hamsin. Suka ce wannan ta nuna abin da ya karɓa a rana ɗaya, ba ta nuna na wa ya riƙe ba, ko nawa ya mayar. Wani ya ce, "Ɗan'uwa Bulus, abin mai sauƙi ne. Faɗi sunayen matan, mu kira su, su wanke ka." Ya ce ya yi alkawari. Wani ya ce, "Alkawari da matan mutane, a bayan mazansu? Wannan ma wani laifin ne." Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Ba na zagin dattawan nan, abin da aka sa a gabansu shi suka yanke. Wadda za ta sa musu sauran tana gindin mangwaro tana wasa da bakin zane.

Haka ya koma bencin baya. Kowace Lahadi ya yi wanka, ya sa rigarsa mai aljihu biyu, ya riga kowa zuwa. Ranar jibin Ubangiji mata su tashi su wuce ta gabansa, kansu a ƙasa, ni ma a cikinsu. Da yamma sai mu tarar an ajiye mana ƙwaryar acca ko doya biyu a bakin ƙofa, ba a san wa ya kawo ba. Yakan ce, "Dafa mana, wannan daga Tulu ne, na san ɗaurinta." Bai yi fushi da su ba. Abin da ya daina shi ne sauraron rediyo. Fitilarsa ma ya daina gogewa. Hawan jini ya kama shi, wata ranar kasuwa ya faɗi a tsakar gida, kwana tara ya yi bai yi magana ba. Idonsa yana bina duk inda na yi a ɗakin asibitin. Har yau ban san abin da yake so ya ce ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Ladi ta ce an sha gyara dokar, abin da ake tsaya wa mai ajiya ya ƙaru sosai, an tilasta wa bankuna su riƙe jari mai ƙarfi, kuma in banki ya cuce ka akwai inda za ka kai ƙara. Na san zai ji daɗi, zai ce kin gani, jirgin kaya ya iso. Jikokina mata kowace tana da asusunta a cikin waya, miji bai san ko nawa ba ne, ba mai hoto, ba masinja. Abin da muka sayar da mutum saboda shi, yanzu kyauta ake ba da shi. Shekarun baya Ladi ta kai ni aka buɗe mini nawa saboda kuɗin da yara ke aikowa. Ma'aikaciyar ta kama yatsana ta ɗora a kan wani ɗan gilashi, ta ce shi ke nan, Mama. Ko minti biyar ba a yi ba. Na fashe da kuka a gaban mutane, ta yi ta ba ni haƙuri, tana tsammanin ta murɗe mini hannu.

Ba na la'antar dokar wancan lokacin. Ba don ita ba ko dubu hamsin ɗin ba za mu gani ba. Na san waɗanda suka kai kuɗinsu wasu gidajen ajiya da dokar ba ta rufe ba, ko sisi bai dawo ba. Amma waɗanda suka rubuta ta sun rubuta ta ne don mutum mai suna a takarda. Ba wanda ya zo ya tambayi dalilin da mace za ta ji tsoron mai hoto. Ba wanda ya tsaya a rediyo ya faɗa da Hausar da za mu gane cewa suna ɗaya biya ɗaya ne, ko kuma da aka zo biya, ya faɗi iyakar abin da aka biya. Kalma biyu a bakin mai sanarwa da sun ishi mijina. In akwai masu rubuta doka a cikin masu karanta wannan, ina roƙonku, in kun gama rubutawa ku zo kasuwar citta ku faɗa da baki. Har yanzu akwai matan da kuɗinsu ke kwance a ƙarƙashin sunan wani. Ke ma 'yata mai karantawa, ki sa sunanki.

Matan littafin sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda muka binne, in na dawo gida sai in naɗe kunnen shafinta. Kaza ta aiko a kira ni tana kan gadon mutuwa, ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata. Na ce ba ni ce mai yafewa ba, layi ɗaya muke. Mazan ma duk sun tafi. A shafukan mata, biyu suka rage ba a naɗe ba, Ludayi da Kifi.

Watan jiya Mama Ngozi ta zo da sandarta, ta zauna a nan, ta dubi agogon bankin da har yanzu yake tafiya a bangon falon. Ta ce, "Banki ya mutu, Oga Bulus ya mutu, wannan shegen agogo bai mutu ba." Sannan ta ce, "Maman Ladi, kai da ni wa muke tsoro yanzu? Kawo littafin."

Ba 'yar majami'armu ba ce, amma ranar Lahadi ta zo. Da aka ba da lokacin shaida ta taka har gaba, ta ɗaga shi sama, ta ce, "Ni ne Kifi." Ta faɗi komai. Ni kuma na miƙe daga inda nake na ce ni ce Ludayi, ni na sa shi rantsuwa, ni na hana shi magana. Rabin mutanen da ke wurin ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Bayan an tashi, manyan mutane masu furfura suka kewaye littafin suna buɗawa a hankali, kowa yana neman uwarsa a cikin zanen da bai iya ganewa ba. Wani ya daɗe a kan shafi ɗaya, ya ce, "Mama, wannan ta wace ce?" Na ce masa mai alkawarin ya mutu a kansa, ba ni zan karya ba. Fasto ya ce za a share sunan Baban Ladi daga littafin horo, ya ce in dawo gaba in zauna. Na gode masa. Na ce ya bar ni tukuna, na saba da wurin, kuma ba na son in bar shi shi kaɗai a can.

Me ya rage na mutumin nan? Jirgin da ya yi wa aiki ba ya zuwa kamar da. Kwanon da aka zarge shi a kansa ya yi tsatsa, mun canza. Sauran kuɗin ban taɓa ganin ko kwabo ba. Akwai malamai da ma'aikatan jinya a garin nan da suka yi karatu da sandunan da ya ja a littafin, ba su sani ba. Akwai kuma shafi na goma sha takwas, da'ira bayan da'ira, babu ko ɗaya da aka soke.

Na sa Ladi ta karanta mini duk abin da ta rubuta, na ji babu inda ta rage. Na ce ta rubuta wannan a ƙasa da manyan baƙaƙe: Bulus mai ba jirgi hannu bai ci kuɗin kowa ba. Ta ce jarida ba ta buga yatsa. Na ce ba komai, ta kawo tawada. Na dangwala.